Kyamara Ba Ta Kori Fensir Ba

A shekarar 1768 jirgin ruwan Endeavour ya tashi daga Ingila zuwa Tekun Fasifik, bisa jagorancin James Cook. Cikin jirgin har da Joseph Banks da Daniel Solander, masana tsirrai, da wani saurayi mai zane, Sydney Parkinson. Aikin masanan shi ne tara tsirrai su busar tsakanin takardu. To, amma busasshen fure launinsa gushewa yake yi, siffarsa ta lalace. Saboda haka tilas Parkinson ya zana kowane tsiro tun yana ɗanye.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A tsibirin Tahiti ƙudaje ne suka riƙa cinye fenti a kan takarda tun kafin ya bushe. A gaɓar Ostiraliya kuwa, a 1770, sababbin tsirrai sun yi masa yawa, har ya koma zayyana su da fensir, yana rubuta launin kowane sashe a bayan takarda. Ya bar zanen tsirrai fiye da 900 kafin ya rasu a teku a watan Janairun 1771, bayan ya kamu da ciwo a Batabiya, wato Jakarta ta yau. Banks ya sa an sassaƙa zane sama da 700 a kan fallayen jan ƙarfe, amma ba a buga su duka da launi ba sai tsakanin 1980 da 1990.

Babu shakka ba neman ilmi kaɗai ya kai Turawa can ba. Alal misali, bishiyar uru ta Tahiti, wadda ake gasa 'ya'yanta a ci kamar burodi, tana cikin abin da Parkinson ya zana, kuma da shawarar Banks aka kai dashenta Jamaika a 1793 don ciyar da bayi cikin araha. Wajibi ne ɗalibi ya san wannan. Duk da haka, zanen bai rasa darajarsa ba, domin har yau masani na iya duba shi ya gane tsiron da ake nufi.

Mai karatu na iya cewa, ina amfanin wannan wahala alhali akwai kyamara a aljihu? Amsa ita ce, kyamara abin da ta tarar a rana ɗaya take ɗauka. A ɗauki kuka: furenta da farkon damina yake fitowa, 'ya'yanta kuma sai da rani suke nuna, lokacin da ganye ya kaɗe. Mai zane ne ke iya haɗa ganye da fure da ɗa a shafi guda, ya tsaga furen ya nuna cikinsa, ya sa ma'auni. Bugu da ƙari, ana iya ɗaukar hoto ba tare da an duba ba, amma ba mai zana ganye bai ƙirga jijiyoyinsa ba.

Don haka kuskure ne malamin bayoloji ya bar ɗalibai suna kwafe hoton littafi da sunan zane. Ya kamata ya kawo reshen ɗorawa ko furen kuɓewa aji, ya ba kowa rabin awa da fensir mai tsini. Ɗalibin da ya saba da haka ba zai firgita ranar jarrabawar gwaji ba, kuma ya koyi sa ido, wanda shi ne mafarin kimiyya.