Maganin da Likita Ya Rubuta, a Same Shi a Cikin Asibiti

Sharhinmu na yau ya duba hanyar da magani da kayan aiki ke bi kafin su isa asibitocin gwamnati na cikin birnin Kano.

Daga Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, wanda ke karɓar marasa lafiya tun shekarun 1920, zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero da na haihuwa na Sabo Bakin Zuwo, ɗimbin jama'a ne ke tururuwa kullum, wasu daga ƙauyuka, wasu daga jihohi maƙwabta. Duk ƙwarewar likita ko ungozoma, aikinsu ya dogara da abubuwan da ba a cika lura da su ba: safar hannu, sirinji, auduga, zaren ɗinki, ledar ƙarin ruwa. Ranar da ɗaya ya yanke, mai jinya ne zai fita da takarda a hannu yana bin kemis-kemis, wani lokaci da tsakar dare, alhali matarsa na kan gwiwa.

Sayen waje kuwa yana da haɗari. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Allurar oksitosin, wadda ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, sanyi take buƙata. Idan ta daɗe a kanta cikin zafin bazarar Kano, ƙarfinta raguwa yake yi. Ga kuma tsada, musamman tun faɗuwar darajar naira a 2023, domin mafi yawan magungunanmu daga ƙetare ake shigo da su.

Kano ba ta rasa tubalin gyara ba. Tana da hukumar samar da magunguna da kayan asibiti, DMCSA, da asusun magani mai jujjuyawa, tsarin da ya samo asali daga shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka yanke a Bamako a 1987: a sayo da yawa cikin rahusa, a sayar da sauƙi, a mayar da kuɗin a sake sayowa. A 2024 kuma an mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya, inda hukumar NAFDAC za ta fi iya sa ido. Haka nan jihar ta ga amfanin kai kaya har ƙofa a harkar rigakafi. Bayan yarjejeniyarta da gidauniyar Gates da ta Dangote, an koma ɗaukar alluran daga ɗakin sanyi ana kai wa ƙananan asibitoci kai tsaye, an hutar da ma'aikaci barin aiki don zuwa karɓowa. Abin da ya yiwu ga rigakafi zai yiwu ga sauran magunguna.

Gyaran zai fara ne daga ƙidaya. Kowane sito na asibiti ya sami kwamfuta ko waya da ke nuna wa hukuma abin da ya shigo, da wanda ya fita, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Da haka za a san abin da ke shirin yankewa tun da sauran makonni, kuma maganin da ya jibge a wani asibiti a tura shi inda ake nemansa kafin ya lalace.

Sai saye a fili. A tallata kwangila, kamfanoni masu rajista su yi gasa, a wallafa sunan wanda ya samu da farashin kowane kwali, yadda ɗan jarida da mai unguwa za su iya dubawa. A gwada ingancin kaya kafin a biya, in an karɓa kuma a biya a kan lokaci, domin ɗan kwangilar da ya san zai yi watanni yana jira, a kan farashi yake fanshewa.

Kuɗin asusun kuwa amana ne. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan aka ranci kuɗin magani aka sayi man janareta, ko gwamnati ta yi alƙawarin haihuwa kyauta ba ta mayar wa asusun abin da aka kashe ba, jarin zai karye, kanta ta bushe.

A wajen isarwa, Kaduna ta fara amfani da jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline a 2022, abin da ya dace da ƙauyuka masu nisa. Cikin ganuwar Kano kuwa tazara kaɗan ce. Cunkoso da lunguna ne matsala. Ƙaramar mota mai sanyi, da babur mai akwati, da tsayayyar ranar kai kaya, da firij mai aiki da hasken rana, sun wadatar.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da Majalisar Dokokin jiha su sa a riƙa bayyana wa jama'a, duk wata uku, magungunan da suka yanke a kowane asibiti da dalilin yankewar. Ku kuma masu jinya, ku karɓi rasit a duk abin da kuka biya, ku kai kuka ga kwamitin unguwarku idan an ce babu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.