Gasar Kacici-kacici Da Shirin Jarrabawar 'Ya'yanmu

'Yan'uwa, gasar kacici-kacici ba baƙuwa ba ce a wurin yaranmu na Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Ana yin ta a makarantar Lahadi, ana yi a taron matasa, ana kuma yi tsakanin makarantun sakandare. Wasu iyaye suna cewa wasa ne kawai da ke cinye lokacin karatun jarrabawa. Mu ba mu goyi bayansu ba, amma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba.

Ku lura da yadda yaro ke shirin gasa. Ba ya zama yana maimaita shafi ɗaya har barci ya kwashe shi. Yakan rufe littafin, ya miƙa wa ɗan'uwansa ya ce, "Tambaye ni." In ya faɗi, ya koma ya duba. Wannan ɗabi'a kuwa masana sun gwada ta. A shekarar 2006 wasu malamai biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Amma da aka yi mako guda, sai masu gwada kansu suka tuna kashi 56 cikin ɗari, masu maimaitawa kuwa kashi 42.

Bugu da ƙari, tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ya saba tsayawa gaban jama'a, alƙalin gasa yana duban agogo, ba zai ruɗe da wuri ba.

To, ina illar take? Gasa tana koya wa yaro son gajeriyar amsa. Tambaye shi shekarun Metusela, kafin ka rufe baki ya ce 969. Tambaye shi ranar da aka cire Jigawa daga Jihar Kano, ya ce 27 ga Agusta, 1991, har ya ƙara maka da cewa ƙananan hukumominta 27 ne, masarautunta biyar. Madalla. Amma ce masa ya bayyana abin da ke sa kogin Haɗeja ambaliya da damina, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Alhali WAEC da NECO ba zaɓen amsa kaɗai suke nema ba. A takardar Turanci ta WAEC ana son insha'i na kalmomi kamar 450, a lissafi kuma sai ɗalibi ya nuna hanyar da ya bi kafin ya sami cikakken maki. Ga kuma gaggawa. Wanda ya saba ɗaga hannu kafin a gama tambaya, haka zai shiga ɗakin jarrabawa ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne, yara uku ko huɗu ake warewa a yi ta horarwa saboda a ciyo kofi, sauran kuwa aikinsu tafi da shewa. Ranar jarrabawa ai kowa da kujerarsa. Masu tafin nan su ne suka fi bukatar a riƙa tambayarsu.

Saboda haka muna roƙon malamai da shugabannin matasa su gyara tsarin. A kowace gasa a sa zagaye ɗaya na "me ya sa", a ba yaro minti biyu ya yi bayani da bakinsa, ko ya rubuta rabin shafi. A riƙa jefa ƙuri'a wajen zaɓen masu amsawa domin kowa ya shirya. Iyaye kuma, ko da ba ku yi boko mai zurfi ba, kuna iya riƙe takardar tambayoyin shekarun baya ku tambayi yaro bayan tuwon dare. A fara tun da hunturu, kada a jira watan Afrilu.