Ƙa'idar shekarun shiga jami'a da halin da 'yan sakandare ke ciki

Ƙayyade shekarun shiga jami'a na daga cikin batutuwan da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ke yawan tattaunawa a Nijeriya.

A watan Yulin 2024, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 za a bai wa gurbi. Magajinsa, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da ƙa'idar zuwa 16 a watan Nuwamba.

A tsarin 6-3-3-4, yaron da ya fara firamare yana ɗan shekara shida zai kammala sakandare yana da 18. Sai dai makarantun kuɗi da dama kan tsallakar da yara aji shida, da yardar iyaye, har wasu su gama suna da 15. A nan ya kamata gyara ya fara, domin ba yaron ne ya zaɓi tsallaken ba.

Hukumar JAMB ta bar ƙofa ga masu hazaƙa ta musamman, amma a 2025 sharaɗin farko shi ne maki 320 cikin 400. Wanda ya gaza sai ya jira, kuma tun da sakamakon na shekara ɗaya ne, dole ya sake biyan kuɗin jarrabawar.