Kuɗin kaka ya shigo? Haɗa kwamfutarka da kanka, sashe-sashe

Idan kai matashi ne a Kura ko Bunkure, ka san kuɗinka ba kamar na ma'aikacin gwamnati yake zuwa ba. Yana zuwa ne a dunƙule, bayan an yanke shinkafa, ko bayan an kai tumatir Kwanar Gafan, daga nan sai a yi shiru na watanni. Ruwan madatsar Tiga da ke biyo magudanan nan ya sa muna da kaka fiye da ɗaya a shekara, amma tsakanin kaka da kaka aljihu a bushe yake. To idan burinka ka mallaki kwamfutar da za ka buga gem a kai, ka kuma yi aikin haɗa bidiyon biki, katin gayyata da fosta, shawarata ita ce ka manta da laftof mai walƙiya. Ka haɗa kwamfutar tebur wadda za ta riƙa girma tare da kakarka.

Na san abin da za ka ce: laftof tana da batir, ana shiga da ita ko'ina, kuma wutarmu sai ta ga dama. Gaskiya ne, kuma idan kai ɗalibi ne mai yawo tsakanin aji da ɗakin kwana, hujjarka ta fi tawa. Amma duba abin da kake saye. A yawancin laftof, furosesa da katin hoto a manne suke da allon ciki, ba sa cirewa. Wasu sababbin ma har RAM a manne yake. Ranar da ta gaza ɗaukar aikinka, sai dai ka sayar da ita a wulaƙance ka nemi wata. Injin ban ruwan babanka kuwa shekara nawa yana aiki? In fulogi ya mutu a canza fulogi, in zobe ya cinye a canza zobe. Haka kwamfutar tebur take.

Abin da za ka fi zuba wa ido shi ne madabod, wato babban allon da kowane sashe ke zama a kai. Kamfanin AMD ya fito da mazaunin furosesa mai suna AM4 a 2016, kuma ya ci gaba da yi masa sababbin furosesa har 2025. Ma'ana allo irin B450 ko B550 zai ɗauki ƙaramar furosesa yau, gobe ya ɗauki babba, wani lokaci bayan an sabunta masa BIOS kawai. Eh, akwai sabon mazauni, AM5, da ya fito a 2022, kuma shi ne mai dogon zango nan gaba. Sai dai RAM ɗin DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma tun da darajar naira ta zube a 2023, bambancin kuɗin ba na wasa ba ne. Ga mai lissafi da buhun shanshera, AM4 ya wadatar.

A kakar farko ka ɗauki furosesa irin Ryzen 5 5600G. Harafin G ɗin nan na nufin tana da sashen hoto a cikinta, don haka ba sai ka sayi katin hoto yanzu ba. Za ta buga maka eFootball da GTA V idan ka rage ƙyale-ƙyalen hoto, za ta kuma haɗa bidiyon 1080p ba tare da ta wahalar da kai ba. Amma ga abin da masu shago ba sa faɗa: ka sayi RAM guda biyu masu 8GB, kar ka sayi guda ɗaya mai 16GB. Sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM yake aron wuri, kuma idan layi biyu ne yake samun hanya mai faɗi, bambancin a ido ake ganinsa. Ka sa SSD ko da ƙarami ne. Akwatin kuwa, kowane iri ne in dai iska na ratsa shi. Fitilu masu launi ba sa ƙara gudu ko kaɗan.

Inda ba a rowa shi ne fawa saflai, akwatin da ke raba wuta ga sauran sassa. Nan ne mutane ke cewa a ba su mai araha tunda ba a ganinsa, kuma nan ne asarar take fitowa, domin in ya ƙone yana iya tafiya da allo da furosesa gaba ɗaya. Ka nemi na sanannen kamfani mai ƙarfin wat 550 zuwa 650, wanda zai ɗauki katin hoton da za ka sa badi. Sannan ka haɗa da UPS, ko aƙalla sitabilaiza. Wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma ƙasa, da sauyi daga NEPA zuwa janareta, su ne ajalin kwamfuta a ƙauyukanmu. Wani daɗin 5600G shi ne wat 65 aka ƙayyade mata, don haka ƙaramar sola da infata na iya riƙe kwamfutar. Da zarar ka sa katin hoto lissafin ya canza, RX 6600 kaɗai na jan kusan wat 130.

Idan ka shiga Kano, a Beirut Road ko Farm Centre, za a nuna maka tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP, Landan yus, da kuɗi mai daɗi. Ba na kushe su, suna da ƙwari. Matsalar ita ce da yawansu allonsu da fawa saflai ɗinsu na musamman ne, ba sa karɓar na kasuwa, kuma siraran cikinsu babban katin hoto ba ya shiga. Ga kuma wani abu: Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga Intel zubi na 8 take farawa. Wanda ya sayar maka da Core i5 zubi na 4 yana cewa i5 ai i5 ne, ya sayar maka da tarihi. Ka tambayi zubin, ka sa a kunna a gabanka.

Kaka ta biyu ita ce ta katin hoto, kuma mai yiwuwa na hannu za ka saya. Tun Satumba 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da haƙa, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu sun gaji. Kar ka biya sai an sa gem mai nauyi ya yi aƙalla minti 20 kana kallon zafin katin, kana sauraren fankarsa.

Batun manhaja kuma, ba dole sai ka sa na sata masu ɗauke da ƙwayar cuta ba. DaVinci Resolve na da sigar kyauta, Blender da Krita da GIMP duk kyauta ne, kodayake Resolve ta fi sakewa bayan ka sa katin hoto. Kafin nan Kdenlive ta ishe ka. Kuma a fara karɓar aiki tun kakar farko: mai casar shinkafa da ke son tambari a buhunsa, amarya da ke son bidiyon kamu. Kuɗin katin hoton daga nan ya kamata ya fito, kar a sake taɓa buhun gida.

Sai ƙura. Tsakanin hunturu da ƙaiƙayin sussuka, fanka kan toshe cikin 'yan watanni, ga zafin Afrilu na jira. Ka ɗora akwatin a kan tebur, kar ka ajiye shi a ƙasa, ka rufe shi da zane in ba ya aiki, ka kuma buɗe shi ka hure duk bayan wata biyu, bayan ka cire wuta, kana riƙe da fankar da yatsa don kar ta yi ta juyawa.