Biranen Da Suka Rungumi Titi Mai Hannu Ɗaya Sun Fara Lashe Amansu

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1956, mutanen birnin Hamilton da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada sun kwanta barci titunan tsakiyar garinsu suna ɗaukar mai zuwa da mai komowa kamar kowane titi. Da gari ya waye sai suka tarar an kakkafa alluna, an mai da manyan titunan nan hannu ɗaya, wato kowa ya bi ta fuska guda, abin da direbobinmu ke kira sans-inik, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce wanwe. A dare ɗaya aka yi aikin, bisa shawarar wani kamfanin masana zirga-zirga na Amurka mai suna Wilbur Smith. A lokacin an ɗauki abin a matsayin ci gaba da wayewar kai. Yau ga shi hukumar wannan birni tana kashe kuɗi tana warware abin da ta ɗaura, titi bayan titi, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu wannan labari ne domin duk lokacin da cunkoso ya yi tsanani a bakin wata kasuwa ko tasha a garuruwanmu, maganin farko da ke zuwa bakin masu faɗa a ji shi ne a mai da titin hannu ɗaya. To waɗanda suka riga mu shan wannan magani da fiye da shekara sittin, ya jikin nasu?

Da farko dai ya kamata a fahimci abin da ya kai su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta yi arha a Amurka da Kanada, masu hali suka tashi daga tsakiyar gari suka koma sababbin unguwanni na bayan gari. Da safe su shigo aiki, da yamma su fita. Sai injiniyoyi suka sa wa kansu tambaya guda ɗaya tak: mota nawa za ta iya wucewa ta wannan titi a cikin awa ɗaya? Idan wannan ce kaɗai tambayar, babu shakka titi mai hannu ɗaya ya ci gasa. Babu mai tsayawa a tsakiyar titi yana jiran ya karya hagu, kuma ana iya jera fitilun hanya ta yadda direban da ya sami koriya ta farko zai yi ta samun koriya har ya fice daga gari. Birnin Faris ya yi haka da wani sashe na manyan titunansa da ake kira Grands Boulevards a 1951, birnin New York ma ya mai da shahararren titin nan Fifth Avenue hannu ɗaya a 1966. Abin da ba a tambaya ba shi ne halin da mai shago, da ɗan makaranta, da tsohuwar da gidanta ke bakin titin za su shiga.

A Hamilton, babban titin da ake kira Main Street ya zama layi biyar, duka suna fuskantar gabas. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san abin da hakan ke yi wa ƙafar direba. Babu motar da ke tunkaro ka, ga fili dama da hagu, ga fitila tana kiran ka da ka yi sauri kafin ta canza. Ko an rubuta maka kilomita 50 a allo, titin da kansa yana ce maka taka. A shekarar 2000 wasu masu bincike suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan yaran da mota ta kaɗe a wannan birni tsawon shekaru, suka gano cewa, idan an auna da tsawon titi, yara sun fi jin rauni a titi mai hannu ɗaya har ninki biyu da rabi a kan titi mai zuwa da komowa.

Wani zai ce ai da mamaki, tun da mai tsallaka titi mai hannu ɗaya gefe guda kawai zai duba. Haka mu ma kowa ya koya mana. Amma a lura da yadda abin yake faruwa a titi mai layi uku ko huɗu. Direban layin farko ya ga yaro, ya tsaya masa. Yaro ya shiga titi da ƙarfin gwiwa. Direban layi na biyu bai ga yaron ba, domin motar da ta tsaya ta kare shi, shi kuma gani yake yi ya sami damar wuce na gabansa. Sai dai a ji ƙara. Sannan ga maganar gudu, wadda ita ce ke raba wanda zai tashi da karaya da wanda za a ɗauka a makara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 kan haɗurran hanya ya ce mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, sau tara cikin goma yana rayuwa, amma idan gudun ya kai kilomita 45, damar tsirarsa ba ta kai rabi ba.

Ta fuskar kasuwa kuwa, ƴan tireda ba sa bukatar wani farfesa ya yi musu bayani. Titi mai zuwa da komowa yana kawo maka mai saye sau biyu a rana, da safe yana tafiya, da yamma yana dawowa. Idan aka mai da shi hannu ɗaya an raba ka da rabi. Wanda ya yi rashin sa'a titinsa ya zama na shiga gari da safe, to mutane za su wuce shi a guje suna tsoron makara, da yamma kuma lokacin da suke da sukunin sayen burodi da cefane, ta wani titi za su bi. Wanda ya hango shago bayan ya gota shi, sai ya zagaya tituna uku kafin ya dawo, kuma yawanci ba ya dawowa. Baƙo ya ɓata. Motar bas da ta sauke ka a nan, idan za ka koma gida sai ka je wani titi ka neme ta. A hankali shaguna suka riƙa rufewa, gidajen bakin titi suka rasa daraja saboda ƙara da hayaƙi, wanda yake da halin tashi ya tashi.

Hujja mafi ƙarfi da muka sani ta fito ne daga birnin Louisville na jihar Kentaki a Amurka. A 2011 hukumar birnin ta mai da tituna biyu, Brook Street da First Street, zuwa yadda suke a da, wato mai zuwa da mai komowa, ta bar wasu biyu da ke maƙwabtaka da su a hannu ɗaya. Wannan ya ba malaman jami'a biyu, John Gilderbloom da William Riggs, damar kwatantawa. Abin da suka samu shi ne haɗurra sun ragu da kashi 36 cikin ɗari a Brook, da kashi 60 cikin ɗari a First, alhali motocin da ke bin titunan ƙaruwa ma suka yi. Aikata laifuffuka ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, farashin gidaje ya tashi. A maƙwabtan titunan da ba a taɓa ba kuwa, haɗurran ƙaruwa suka yi. Maganar raguwar laifi ba sihiri ba ce. Inda mota ke tafiya a hankali, mutane na yawo da ƙafa, shaguna a buɗe, ido ya yi yawa, ɓarawo ba ya sakewa.

Har ma a fagen da injiniyoyin da suke tinƙaho da shi an ƙalubalance su. A 2012 wasu masana zirga-zirga biyu a Amurka, Vikash Gayah da Carlos Daganzo, suka ce tun asali an yi kuskuren abin da ake ƙirgawa. Mutum ba ya fitowa daga gida don ya wuce ta gaban na'urar ƙirga motoci, yana fitowa ne don ya isa wani wuri. A garin da tituna suke hannu ɗaya, kowace tafiya tana ƙara tsawo saboda zagaye, kowane zagaye kuma ƙarin kwana ne, da ƙarin mai, da ƙarin mota a kan titi. Lissafinsu ya nuna cewa idan tafiye-tafiyen gajeru ne, kamar yadda yawancin na tsakiyar gari suke, tsarin zuwa da komowa yana iya kai mutane da yawa inda za su fiye da na hannu ɗaya. Wato allura tana nuna kana gudu, amma agogo bai ce ka riga kowa isa ba.

To amma fa kada a ce mun ce duk titi mai hannu ɗaya annoba ne. Lungun tsohon gari wanda mota biyu ba za su iya giftawa ba, kamar waɗanda muke da su a Birnin Damagaram, ba shi da wani zaɓi, kuma ƙuncinsa ma ya isa ya hana gudu. Faransa ta sami wata dabara a kan irin waɗannan, inda tun 2008 dokarta ta ba masu keke izinin bin fuska biyu a ƙananan titunan unguwannin da aka ƙayyade gudu a kilomita 30. Matsalar tana ga faffaɗan titi mai layi biyu, uku ko fiye, wanda ya ratsa kasuwa da gidajen mutane. Haka kuma ba daidai ba ne a jingina wa allon titi dukkan alheri. Titin James Street North na Hamilton ya koma zuwa da komowa a 2002, ya kuma farfaɗo har ya zama wurin bukukuwa da shagunan masu zane, amma arhar haya ma ta taimaka wajen jawo mutane. Abin da za a iya cewa shi ne gyaran ya buɗe ƙofa.

Kuma warwarewa tana da tsada, a nan ne ma gizo yake saƙa. Kafa allo aikin dare ɗaya ne, cire shi kuwa sai an sake fitilu, an sake zanen kwalta, an gyara kowace mahaɗa. Birnin South Bend na jihar Indiana, a zamanin magajin gari Pete Buttigieg wanda daga baya ya riƙe ma'aikatar sufuri ta Amurka, ya kashe fiye da dala miliyan 20 a kan irin wannan aiki da aka kammala a 2017. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Faris ta mai da nata Grands Boulevards zuwa fuska biyu a 2012, bayan shekara 61. Ita kuwa Hamilton, sai a watan Mayu na 2022, bayan mota ta kashe masu tafiya a ƙasa ɗaya bayan ɗaya a cikin ƴan watanni, majalisar birnin ta amince a gyara Main Street, aka kuma shiga shekaru ana zane ana neman kuɗi.

Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Garuruwanmu suna kan gaɓar da waɗancan suke a shekarun 1950: jama'a na ƙaruwa, ababen hawa na ƙaruwa, kuma hankalin masu tsara gari ya karkata ga yadda mota za ta wuce ba tare da ta tsaya ba. Yamai ta sami gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018. Ba mu ce ba su da amfani ba. Amma akwai bambanci babba tsakaninmu da Hamilton, kuma bambancin bai goyi bayan titi mai hannu ɗaya ba. A can yawancin gidaje suna da mota. A nan mafi yawanmu ƙafa ce, sai babur, sai keke, sai amalanke da kura. Kasuwancinmu a bakin titi yake, daga mai shayi zuwa mai tuyar ƙosai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna nahiyar Afirka ce ke kan gaba a yawan mace-macen hanya idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa mu ne masu ƙarancin motoci. Tsarin da ke ƙara wa mota gudu a tsakiyar irin wannan jama'a, mun san wanda zai biya kuɗinsa.

A yi tunanin ɗan kabu-kabu ma. Fasinja ya ce a kai shi wani shago da ake hangowa, doka ta ce sai an yi zagayen kilomita guda. Man zagayen daga aljihunsa zai fita, domin fasinja ba zai ƙara ko dala ba. Me kuke zato zai yi? Zai saɓa hannu ya bi gefen titi, ya yi karo da mai tsallakawar da aka koya wa duba gefe guda. Dokar da rabin masu amfani da titi ke karyawa kullum ba ta kawo tsari ba, sai dai ta buɗe wata sabuwar ƙofa ta tara da na goro.

Sau da yawa ma cunkoson bakin kasuwa ba daga fuskar tafiya yake ba. Babbar mota ce ta tsaya sauke kaya da tsakar rana, ko taksi sun yi tasha a kan kwalta, ko an ajiye motoci layi biyu. Waɗannan suna da maganinsu: a sa lokacin sauke kaya da asuba ko da dare, a ware wa taksi da babura wurin tsayawa, a fitar da manyan motocin da ba su da abin yi a gari ta hanyar bayan gari.

Don haka muna kira ga magadan gari da majalisunsu, duk wanda aka kawo wa takardar mai da wani titi hannu ɗaya, ya tambayi wanda ya kawo ta mutum nawa ke tsallaka titin da ƙafa a rana, makarantu nawa ne a bakinsa, kuma mita nawa zagayen zai ƙara wa mai babur. A kira shugabannin ƴan kasuwa da na direbobi da na ƴan kabu-kabu a ji ta bakinsu kafin a sayi fenti. Idan an ga dole sai an yi, a yi shi gwaji na wata uku da alluna masu ciruwa, a bar layi ɗaya kawai ga motoci, sauran filin a ba masu tafiya a ƙasa. A rubuta yawan haɗurra kafin gwajin da bayansa, a kawo mana alƙaluman gidajen rediyo mu karanta wa jama'a da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, sannan majalisa ta zauna ta yanke.