Bahaushe Kirista: Ɗan Gida ne ko Baƙo?

A kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, ba a tambayar mutum addininsa kafin a sallama masa raƙumi ko sa. Hausa ce ke haɗa Bagumale da Badamagare da Bafillace da Buzu. Amma da zarar mai ciniki ya ce sunansa Bulus ko Istifanus, sai a ji an ce masa, "Kai wane yare ne?" alhali a ƙasar Hausa aka binne cibiyarsa, ba ya kuma jin wani harshe sai Hausa. In ya gangara Kudu kuwa, rigarsa da hularsa su sa a ɗauke shi Musulmi.

Wannan tambaya ba ta dace ba, domin tarihi ya riga ya amsa ta. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aka mai da mishan Wusasa a 1929, aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga Wusasa ne John Tafida ya fito, wanda shi da Rupert East suka wallafa Jiki Magayi, littafin da kowane ɗalibin Hausa ya sani. Haka kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Bugu da ƙari, Bamagujen da ya karɓi addinin Kirista bai yar da Hausancinsa a ƙofar majami'a ba. Da Hausa yake kiran Allah Ubangiji, da ita yake waƙa, da ita ake ɗaura masa aure. A nan ne wanda aka daɗe ana ce wa arne ya sami jama'ar da ke kiransa ɗan'uwa. Kunya da kara da zumunci suna nan tare da shi.

Babu mai musun cewa Musulunci ya yi wa rayuwar Bahaushe tasiri mai zurfi. Duk da haka, harshe da al'ada ba su san bambancin masallaci da majami'a ba. Ya kamata ɗaliban Hausa su shiga tattara waƙoƙin waɗannan mutane, su nazarci fassarorinsu da kalmominsu na ibada, domin su ma Hausa ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle ma lafiyarsa ƙalau.