Mu San Ƙasarmu: Kurfai da Dallol Boso

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wannan wata mun nufi arewa, ƙasar Kurfai. Babban garinta Filinge, wajen kilomita 180 daga Yamai.

Kwarin da garin yake ciki, Dallol Boso, tsohon gulbi ne. A zamanin da, ruwansa na tasowa daga Azawak, ya bi ta Filinge da Baleyara, ya faɗa kogin Isa a Bumba. Gulbin ya ƙafe, amma ruwa na nan kwance ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa rijiyar kwari ba ta da zurfi. Mutumin tudu kuwa, sai ya ƙaro igiya.

Ruwan nan ne ya tara Kurfayawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye a kwari guda, ga gona ga garke. To, in aka shuke burtali, ta ina shanu za su kai rijiya?